Kawuna Mai Tambayar Masu Mota

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa na Bodinga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana idar da sallar azahar aka kai shi makwancinsa.

Ni ina cikin gida tare da mata, don haka abin da ke faruwa a ƙofar gida kunnena ne ya fara ba ni labarinsa. Na yi ta jin ƙarar injuna suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya iso sai a kashe shi. Can mijina ya leƙo ya ce mini rabin tashar Bodinga ta taso: direbobin bas, masu keke mai ƙafa uku, 'yan kabu-kabu. Wani direba ma fasinjojinsa ya ba haƙuri a bakin hanya, ya ce su jira shi ya raka Kawu, wanda ya ɗauka kamar uba. Kanikawa sun rufe garejinsu sun zo da baƙin mai a farce, suka shiga sahu haka nan.

Ranar sadakar uku wani direba mai furfura a gemu ya roƙi a bar shi ya gai da matar Kawu. Aka kawo shi bakin ƙofar ɗakinta, ya durƙusa, ita tana bayan labule cikin takaba. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, amma ya ƙi tashi.

Ya ce, "Inna, akwai abin da ke cina. Kahin Baba shi kwanta ciwo ya tambaye ni ko motata ta tahi gareji watan nan, nic ce mai a'a. Alhali sau biyu ta tahi. Kunya nij ji. Ki yafe mini a madadinai."

Sai muka ji muryarta daga bayan labule, a dishe saboda kuka.

"Ya sani. Matarka ta riga ta hwaɗa mini wurin suna."

Matan da ke tsakar gida suka fashe da dariya, hawaye na zuba. Shi ma direban ya yi dariya, ya rufe fuska da bakin rigarsa, ya fita. Ranar ce na yanke shawarar in rubuta abin da na sani game da wannan bawan Allah. Ina tsoron nan gaba idan jikokinsa sun tambaya a ce musu tsohon direba ne, a tsaya nan.

Direba ne, babu shakka. Shekaru masu yawa ya yi yana ɗaukar albasa daga Bodinga da Dandin Mahe zuwa kudu. Amma abin da aka san shi da shi a tasha tambaya ce. Duk wanda yake da abin hawa a wannan yanki, daga babbar mota har babur, Kawu ya taɓa tare shi ya tambaye shi gyaran da ya yi.

Mahaifiyata ta ba ni labarin yadda abin ya faro, tun ban yi wayo ba. Ya sayi wata babbar mota ta hannu a kan maganar mai sayarwa, wanda ya rantse masa lafiyarta ƙalau. Tafiya ta biyu, ɗauke da albasar manoma da suka amince masa, giyarta ta lalace a daji nesa da gari. Kwana huɗu yana jiran kayan gyara, rana tana dukan buhuna. Da ya buɗe, albasa ta zama ruwa. Noman shekara guda na gidaje da yawa ke nan. Da ya dawo yana ba da labari a tasha, sai wani ya ce ai tasa irin wannan ce, kuma nan ta cuce shi. Wani ma ya ce haka. Kawu ya ce, "To mi ya hana ku hwaɗa mini?" Suka ce, "Ba ka tambaya ba." Mahaifiyata ta ce ya dawo gida ya zauna a zaure bai ci tuwo ba. Da gari ya waye ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Da ajami yake rubutu, da biro ja. Kowace irin mota da shafinta. Tambayoyinsa ba su da yawa, kuma ba ya canza su: me ya lalace, kwana nawa ta yi a hannun bakanike, kuma kayan gyaran an samu a Sakkwato ko sai da aka aika nesa. Fashewar taya ba ya rubuta ta, juyen mai ba ya rubuta shi, haka nan wanda ya je ya daki bishiya. Yakan ce wannan ba laifin mota ba ne. Ba ya tambayar wanda ya sayi mota a satin nan, don a cewarsa har yanzu angonci yake yi. Ba ya kuma tambayar mutum ranar da motarsa ta mutu, don ranar ko uwar injin zai zaga. Sai ya bari an kwana biyu, ya same shi a inuwa ranar kasuwa, ya fasa goro ya ba shi rabi, su yi hirar damina da iyali, sannan ya ce, "To ƙaƙa ita mutuniyar?"

Da daɗewa ya gane maza ba sa faɗin gaskiya a kan abin hawansu. Wani kunya, wani yana shirin sayarwa. Shi ya sa ya jawo matarsa cikin aikin. Ita ba ta san giyar mota ba, ba ta san kuloci ba, amma a wurin suna ko biki takan tambayi matar direba kwana nawa maigida ya yini a gida watan nan. Mata kuwa wannan ba sa mantawa. Idan ta dawo ta faɗa masa, ya gwada da abin da mijin ya ce, ya yi murmushi ya gyara rubutunsa. Bai taɓa tona wa kowa asiri ba.

Bayan ciwon baya ya sauke shi daga tuƙi, zaurensa ya zama wurin shawara. Malamin makaranta da aka turo Sifawa zai zo kafin ya sayi babur. Manomin da albasarsa ta yi kyau zai zo kafin ya sayi keke mai ƙafa uku. Kawu ba ya cewa sayi wannan. Sai ya ɗauko littafi, ya lashi yatsa, ya karanta wa mutum abin da masu irinta suka faɗa, sannan ya rufe ya ce, "Ka ji su. Ni ban ƙara ko ɗaya ba." Ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Akwai wani magidanci a unguwarsu, direban bas ɗin wani attajiri, mai 'ya'ya biyar. Injin motar ya riƙa ɗaukar zafi har ya buga, attajirin ya ce ganganci ne, ya karɓe makulli. Kawu ya ji labari. Ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki sandarsa, ya tafi gidan attajirin, mutumin da ba su taɓa wata hulɗa ba. Ya ce, "Alhaji, ba roƙo niz zo ba. Karatu niz zo in yi maka." Ya karanta masa yadda duk masu irin wannan bas a tasha suka yi fama da zafin inji, har da waɗanda su ne ke tuƙa abinsu da hannunsu suna lallaɓawa. Attajirin ya ce, "Ashe ba shi ba ne." Washegari aka mai da wa direban makulli. Kawu bai faɗa wa kowa ya je ba. Daga bakin matar direban muka ji.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Da na gama karatun ungozoma aka tura ni ƙaramin asibitin wani ƙauye a bayan Shagari, shi ya raka ni da kayana. Kuma ni ce na jawo rigimar da ta raba shi da ƙanensa, abin da har yau yake damuna.

Ƙauyen ba shi da motar ɗaukar mara lafiya. Idan haihuwa ta zo da gardama sai a nemi amalanke ko babur zuwa bakin kwalta. Bayan kaka mutanen gari suka haɗa gudummawa don su sayi mota. Ƙaramin kawuna, autan su mahaifiyata, dillalin motocin hannu ne a Sakkwato. Ya kawo musu wata doguwar farar mota mai kyan gani, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Kowa ya yaba. Ni na ce wa mai gari a jinkirta, ina da kawu da ya san kan abin nan. Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Ina ganin kamar taimako nake yi.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari da hantsi. Ga farar mota a gefe, ga ƙaramin kawu yana tsaye kusa da ita, ga dattawa a kan tabarmi. Ni da abokiyar aikina muna zaune can baya. Mai gari ya ce, "Malam, ga mota, ga kuma ɗan'uwanka. Mi ka gani?"

Kawu ya dubi mai gari. Ya ce, "Ranka shi daɗe, da an bar ni in yi magana da shi mu biyu tukuna."

Ƙaramin kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, hwaɗi nan. Babu abin ɓoyo ga motag ga."

Sai Kawu ya buɗe littafi. Ya karanta cewa masu irinta suna kuka da famfon mai, kuma idan ya lalace sai an aika nesa, mota ta yi sati biyu a kwance. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Mai gari ya tambaye shi wace iri ce masu ita ba sa kuka da ita. Ya juya shafi ya ambaci wata gajera mai ƙofa a baya.

Ƙaramin kawu ya juya. Ya shiga farar motarsa ya tayar. Kafin ya ja ya leƙo ta taga ya ce, "Na gode, Yaya. Gaban mutane."

Daga ranar ya daina zuwa Bodinga. Sallah ta zo ta wuce bai zo gaisuwa ba. Aka yi sunan jikan Kawu, ya aiko matarsa. Mahaifiyata ta yi ta zarya tsakaninsu har ta gaji, ta dawo kaina. Ta ce, "Ke da kin yi shiru da bakinki, da 'yan'uwana suna cin tuwo kwano guda." Na je na ba Kawu haƙuri ina kuka. Ya ce, "Uwata, mata masu naƙuda za a ɗauka ciki. Da kin yi shiru da sai in yi hushi da ke." Amma na ga yadda ya rame. Matarsa ta ce mini duk Juma'a sai ya sa an shimfiɗa tabarma biyu a zaure, a naɗe ɗaya da yamma ba a zauna a kai ba.

Gari ya sayi gajerar motar. Duk rani ta yi aiki babu tangarɗa, na riƙa yi wa Kawu albishir. Sai damina ta sauka.

Wata safiya aka kawo mini wata mata, haihuwarta ta huɗu, ta kwana tana naƙuda a gida. Ina dubawa na ga ɗan ya zo a gicciye, wannan ba aikina ba ne, sai babban asibiti. Muka sa ta a mota, ni da mijinta da direba. An yi ruwa da asuba, fadamar da ke tsakaninmu da kwalta ta kawo. Ruwan bai kai gwiwa ba, babura ma suna wucewa. Muna tsakiya injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Direba ya yi, ya yi, ta ƙi tashi. Mutanen gona suka zo suka tura mu tudu, ta ƙi tashi. Ina riƙe da hannun matar ina sauraron bugun zuciyar ɗan, ina jin yana raguwa. Sai da wani ɗan kabu-kabu ya je bakin hanya ya samo mana wata mota, muka ɗauki matar a tabarma muka tsallake da ita. Mun ɓata kusan awa biyu. A asibiti aka yi mata aiki, aka ceci ranta. Ɗan bai zo da rai ba.

Ni da na san aikin ba zan iya rantsewa cewa da mun isa da wuri zai rayu ba. Na faɗa wa Kawu haka a waya. Washegari da rana sai ga shi a ƙauyen a bayan babur, da ciwon bayansa. Ya ce in kai shi gidan mijin. Ya zauna cikin masu gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, ni niz zaɓi motag ga. Ni nic ce a saye ta."

Mijin ya ce, "Haba Baba, kwana ne ya ƙare. Allah ya ƙaddara."

Kawu ya ce, "Allah ya ƙaddara, gaskiya ne. Amma akwai inda ban tambaya ba, kuma ina so ka sani daga bakina."

Daga nan ya sa aka kai shi wurin motar. Bakanike ya nuna masa inda take shan iska, can ƙasa kusa da taya, ruwa kaɗan ya isa ya shige ta. Ya tsaya yana kallo. A hanyar komawa bakin kwalta ya ce mini, "Uwata, dut waɗanda nit tambaya 'yan tasha ne, bisa kwalta suke yini. Kuma waɗanda nit tambaya, waɗanda sunka riƙe ta ne. Wanda ta ba haushi yas sayar, ba ya cikin littahina. Shekara nawa ina wanga aiki ban lura ba."

Na ce to yanzu ina za a samu waɗanda suka sayar. Ya ce, "Mutum guda nis sani da ya san su."

Ƙaramin kawu da kansa ya ba ni labarin sauran, a zaman makokin nan. Ya ce yana zaune a wurin sana'arsa a Sakkwato sai ya ga yayansa yana tahowa da sanda, littafi a hammata. Kusan shekara ke nan ba su yi magana ba. Ya ce ya riga ya ji abin da ya faru a fadama, har ya tanadi maganar da zai faɗa masa, mai zafi. Kawu ya yi sallama, ya zauna a benci, ya buɗe sabon shafi ya ce, "Auta, na zo ka koya mini. Su wa sunka maido maka irin wagga mota, kuma mi sunka ce?"

Ƙaramin kawu ya ce maganar da ya tanada ta ɓace masa. Ya aika aka sayo fura. Suka zauna har la'asar yana ambato masa mutanen ƙauyukan fadama da suka dawo da irinta bayan damina ɗaya, Kawu yana rubutawa. A tsakiyar hirar ya ce masa, "Yaya, ita ma farar da nik kai, gaskiyarka ce. Famfon ya lalace hannun wanda yas saya." Kawu ya ce, "Bari in rubuta," suka yi dariya. Babu wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Juma'ar da ta biyo ƙaramin kawu ya zo Bodinga da iyalinsa.

Bayan wannan Kawu ya ƙara tambaya biyu: wace hanya kake bi, kuma wace mota ka rabu da ita, don me. Ya kuma rage saurin ba da amsa. Idan an zo shawara yakan karanta, sannan ya ce, "Wanga shi nij ji. Akwai wanda ban ji ba." Motar asibitinmu aka ɗaga mata wurin shan iskar, tana nan tana aiki. Matar nan ta sake haihuwa bayan shekara biyu, mace, a hannuna. Na kira Kawu na faɗa masa, na ji yana ta hamdala.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce zuciya ce. Ranar Asabar ta ƙarshe na zo daga wurin aiki na same shi a jingine da filo a tsakar gida, rana ta yi sanyi. Na ɓare masa maganinsa na miƙa masa da ruwa. Ya riƙe ƙwayar a tafin hannu yana juya ta.

Ya ce, "Uwata, waɗanda kuke ba magani can wurinku, yana yi musu aiki?"

Na ce, "Yana yi, Kawu. Duk wadda ta dawo awo tana cewa ta ji sauƙi."

"To waɗanda ba su dawo ba hwa?"

Ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari, ya haɗiye maganin, ya ce in gyara masa filo. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da zan tafi ya yi barci, ban tashe shi ba.

Bayan addu'ar bakwai na koma bakin aiki. Na ɗauko rajistar awon ciki na bi ta layi layi, na fitar da matan da suka zo sau ɗaya ko biyu suka daina. Na hau bayan babur na bi su rugage da unguwanni. Wata ta koma garinsu, wata ta haihu lafiya a gida. Ta ukun na same ta a kwance a ɗaki, wata takwas, fuska da ƙafafu sun kumbura, kanta yana sara, tana cewa ai maganin da muka ba ta ne bai karɓe ta ba shi ya sa ba ta koma ba. Na auna jininta na ga ya hau sosai. A ranar muka kai ta babban asibiti. Shekaranjiya mijinta ya zo ya ce an sallame su, ita da ɗanta namiji.

Na so in ɗauki waya in faɗa wa Kawu. Har na lalubo lambarsa.

Allah ka jiƙan wannan bawa naka, ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba matarsa da ƙannensa haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.